Da gaske an yi rawar disko a birnin Katsina?

Ɗan Rafindaɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin Baba saboda yoyon damina, sai na ci karo da wani tsohon akwatin ƙarfe. Ciki akwai kaset tara, biyu na mawaƙan diskon nan Boney M, sauran rubutun ya goge, da wani hoto baƙi da fari. Baba ne a jiki, suma ta yi tsiri kamar kwando, ƙafar wando ta rufe takalmi ruf. Mutumin da yau ko hula ka karkata sai ya yi maka faɗa! Na tambaye shi, ya ce "ƙuruciya ce," ya karɓe hoton ya sa aljihu. To iyayenmu da ke nan, don Allah, an yi disko a cikin birnin nan, ko a Kaduna ya je ya koyo?

Tsohon Tela:
Wa alaikumus salam ɗana. An yi mana, sai dai ba a fili ba. Ni na ɗinka irin wandon nan ya fi a ƙirga. Yaro zai zo ya ce a matse cinya, a saki ƙasa, yadi ya tafi a banza. Bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi a 1975, ƙananan ma'aikata suka sayi rakoda, kaset kuma na shigowa daga Kano da Maraɗi ta Jibiya. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Kaduna, sai 1987 aka ba mu tamu. 'Yan makaranta in sun dawo hutu sukan sami ɗakin baya a GRA, a naɗe ƙwan lantarki da jar takarda, a sa mutum guda a bakin ƙofa yana leƙen manya. In batir ya yi sanyi muryar mawaƙin ta dinga jan ƙafa, a fitar da shi a shanya a rana.

Amma mu 'yan cikin gari ba ta hannun Turawa abin ya kama mu ba. Fim ɗin Indiya ne, Disco Dancer na 1982, wanda Mithun Chakraborty ya fito a ciki. Daga nan yaran da ba su taɓa zaman aji ba suka fara ɗaura ƙyalle a goshi suna juyi a ƙofar gida.

Hajiyar Daura:
Baba Tela, ku maza ke nan. Mu a Daura ko hanyar silima mace ba ta bi. Ni a talabijin na gani, gidan kawuna a Kaduna, shirin Soul Train na baƙaƙen Amurka, inda ake yin layi biyu mutum ya ratsa tsakiya yana rawa. Inna na shigowa sai mu kashe, mu hau tsintar shinkafa. A bikina dai kalangu aka buga, kuma ban ji na rasa komai ba.

Mai Situdiyo Ƙofar Ƙaura:
Ni abin da zan ƙara, kiɗan bai tafi ko'ina ba. Asalinsa gidajen rawa na New York ne a farkon shekarun 1970, ya game duniya da fim ɗin John Travolta na 1977. A 1979 har taro aka yi a filin wasa a Chicago aka tarwatsa fayafayansa, Amurkawa suka ce sun gaji. Alamarsa ita ce babbar ganga na dukan kowane taku, dum dum dum dum, kusan 120 a minti, ba ta hutawa. Bappi Lahiri, wanda ya yi kiɗan Disco Dancer, ya ɗauke shi ya zuba wa waƙar Indiya, mu kuma da fiyano ta zo aka fara waƙoƙin fim ɗin Hausa, kunnenmu ya riga ya saba. Har yau akwai maɓallin da aka rubuta disko a jikin fiyanon Yamaha da nake aiki da ita, kuma na sha ɗora waƙar amarya a kansa ba wanda ya lura. Ɗan Rafindaɗi, kada ka sa kaset ɗin nan a rakoda kai tsaye, fara juya zaren da biro, in ba haka ba zai cinye.

Ɗan Rafindaɗi:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Baba amsar Baba Tela bayan isha'i. Ya yi shiru, can ya ce ba jar takarda ba ce, koriya ce, kuma shi ne mai tsaron ƙofar. Umma daga tsakar gida ta ce mai tsaron ƙofa ba ya yage wando.