Cembar gasa ko ta gama-gari a .50 BMG?

Maharbi_Sani:
Salam jama'a. Zan sa a yi min sabon bututun bindiga mai cin babban harsashin nan na .50 BMG, maƙerin ya tambaye ni game da cemba, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututun, cembar gasa nake so ko ta gama-gari, ni dai harbin takarda nake daga nesa, mita 1000 haka. Wacce ta fi?

Baba Audu:
Wa alaikumus salam. Ai tambayar ita ce wane harsashi za ka riƙa sawa. Cembar gasa matsattsiya ce, wajen wuyan kwanso da maƙogwaron bututun, wato inda kan harsashi ke fara shiga, duk an rage sarari, shi ya sa harsashin ke zama daidai tsakiya kuma saitin ya fi kyau, kwanson ma ba ya kumbura sosai sai ya daɗe kana sake cika shi. Amma fa sai in da hannunka kake haɗa harsashi, kana auna komai.

Kwanso99:
Gaskiya Baba ya faɗa. Kar ka manta .50 BMG asalinta don mashin-gan ɗin Browning aka yi ta, harsashin soja girmansa ba ya zuwa daidai wa daida, in ka tura shi a matsattsiyar cemba ko dai ya ƙi shiga ko matsin ya hau fiye da kima, wannan kuwa ba abin wasa ba ne wallahi.

Maharbi_Sani:
To ni na kanti nake siya, ban fara haɗawa ba tukuna.

Baba Audu:
To ɗauki ta gama-gari ɗana, kuma ka faɗa wa maƙerin ainihin harsashin da kake amfani da shi kafin ya yanka cembar.