Raba kaya idan za a tashi daga gidan haya a Alƙahira

Ɗan Gusau: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne a gida ɗaya a Hayyul Ashir, firij da tukunyar gas duk karo-karo muka saya. Ni zan koma Darrasa kusa da Azhar, cunkoson motar safe ya ishe ni. Yaya ake raba kayan ba tare da an ɓata ba?

Bazazzagi: Wa'alaikumus salam. Ku zauna ku yi musu kuɗi, masu zama su ba ka kasonka.

Na Maraɗi: Ɗan'uwa, kafin ka miƙa makulli ɗauki hoton bango da famfo. Ni mai gidanmu ya riƙe min kuɗin ajiya na wata guda saboda tayil ɗin da na tarar a fashe. Har yau abin na ci min rai.

Ɗan Gusau: Na gode, yau da daddare zan tara su.