Kwanciya ko tattaki: gardamar 'yan gida kan Baba bayan aikin hanji

Gwaggo: Salamu alaikum. Wai wa ya ba Auta izinin fita da Yaya yawo bayan asuba? Mutumin da aka yanke wa babban hanji saboda ciwon daji, wata uku kacal da gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji! Mai irin wannan ciwo hutu ne maganinsa. Ku bar bawan Allah ya kwanta.

Auta: Ina kwana Gwaggo. Wallahi likitansa ne ya ce ya riƙa taka ƙasa. Wuni yake kan kujera da rediyo, in ba salla ba ba ya tashi.

Kawu: Likitoci kowa suka gani sai su ce ya motsa jiki. Ni abin da na lura, wanda jikinsa ya yi kyau shi ke iya yawo, daga baya a ce yawon ne ya warkar da shi.

Yaya Nas: Kawu, da a da ne sai in ce maganarka na da ƙarfi, don binciken farko lura kawai aka yi da masu fita da masu zama. Amma a watan Yunin 2025 an fitar da sakamakon gwajin CHALLENGE da masana a Kanada suka jagoranta. Mutum 889 ne, duk an yi musu aikin ciwon dajin babban hanji sun kuma gama kemo, kamar Baba. Ƙuri'a ce ta raba su gida biyu, ba ƙarfin jiki ba. Rabi aka ba su takardun wayar da kai, rabi aka haɗa su da mai horarwa kan motsa jiki na shekara 3. Bayan shekara 5, kashi 80 cikin 100 na masu horon suna raye ciwon bai dawo ba, ɗaya ɓangaren kashi 74. A shekara ta 8 kuwa, masu rai kashi 90 ne da kashi 83.

Kawu: To, ƙuri'ar ta ɗaure ni. Amma ratar ba ta kai yadda kike zuzutawa ba.

Yaya Nas: Mutum 7 cikin 100 fa, Kawu. Da ƙwaya ce ta yi wannan, da gona za mu sayar mu saya.

Babban Yaya: Ku dakata. Waɗancan yawancinsu a Kanada da Ostareliya suke, kuma mai horarwa na ganinsu duk sati biyu a shekarar farko. Mu Auta ne mai horarwarmu, wanda sai an buga masa ƙofa yake tashi. Sannan na ga masu ciwon gaɓɓai da tsoka sun fi yawa cikin masu horon, kusan kashi 19, sauran kuma kusan 12. Kada a ɓoye wa Gwaggo wannan.

Yaya Nas: Ban ɓoye ba Yaya, haka ne. Kuma gwajin bai haɗa da masu ciwon dubura ko waɗanda ciwon ya riga ya bazu ba. Na Baba mataki na 3 ne, ya shiga sahu. Ba gudu ake nema ba: tafiya da ɗan sauri, minti 45 zuwa awa ɗaya, sau 3 ko 4 a sati, kuma a hankali ake kaiwa can.

Gwaggo: Ɗinkin fa? In ya ɓalle ke za ki ɗinke?

Yaya Nas: Ɗinki ya daɗe da kamawa, Gwaggo. Ɗaga kaya mai nauyi ne abin tsoro saboda ƙaba, shi ma sai likita ya amince. Abin da ya fi damuna tafin ƙafarsa da kemo ya sa ba ya ji sosai. In ya ji jiri ko haki ya yi yawa, a dawo gida a kira ni.

Gwaggo: Ni dai ban gamsu ba, Turawa ba su san zafin Maris ba. In dole sai an fita, kafin rana ta ɗaga, kuma ban da silifas ɗin nan nasa.

Auta: Lamba 43 yake sakawa. Wa zai turo kuɗin kambas?