Kwamitin shawara na gidan tarihin laifuka: su wa ake sakawa, kuma mene ne aikinsu?

Habibu:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin ɗan sanda, shari'a ko adana kayan tarihi. Gidajen tarihin da ke baje kolin kayan laifuka sukan ce suna da kwamitin ƙwararru masu ba su shawara. Su wa ya kamata su zauna a irin wannan kwamiti? Tsofaffin 'yan sanda kaɗai sun wadatar? Sannan a aikace, daga ranar da aka kawo bindiga ko rigar da aka gabatar a kotu zuwa ranar da za a sa ta a akwatin gilashi, me kwamitin ke dubawa?

Malam Lawal:

Wa'alaikumus salam, Malam Habibu. 'Yan sanda kaɗai ba su wadatar ba. Ɗan sanda ya san yadda aka yi bincike da yadda aka yi kamu, amma labarin shari'a ba a nan yake ƙarewa ba. Kwamitin mutum bakwai zuwa tara ya isa: tsohon jami'in bincike, mai gabatar da ƙara, lauyan da ya saba kare waɗanda ake tuhuma, masanin binciken kimiyya na laifuka, wanda ya yi aikin gidan yari, masanin tarihi, mai kula da lafiyar kayan tarihi, da mutum ɗaya aƙalla da ke magana da yawun waɗanda aka zalunta da iyalansu. Wannan kujera ta ƙarshe ita aka fi mantawa da ita, kuma rashinta ne ke jawo rigima bayan an buɗe ƙofa.

Gidan tarihin 'yan mafiya na Las Vegas a Amurka, wanda aka buɗe a 2012 cikin tsohon ginin kotun tarayya, misali ne mai kyau. Oscar Goodman, magajin garin a lokacin da aka fara shirin kafa gidan, wanda ya yi shekaru yana lauyan mutanen da ake zargi da mafiya, shi ya kawo tunanin. Ellen Knowlton, tsohuwar shugabar ofishin FBI (hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka) na birnin, ita ta jagoranci hukumar da ta kafa gidan. Ɓangarori biyu ke nan da suka saba fuskantar juna a kotu.

Game da karɓar kaya, tambayar farko ita ce mallakar wa ne. Abin da aka gabatar a kotu ba ya zama na jami'in da ya bincika shari'ar. Ko dai na hukuma ne, ko na wanda aka sace wa, ko na magada. Idan tsohon jami'i ya fito da wuƙa daga durowarsa ya ce ita ce ta shari'a kaza, kwamiti ya nemi abu huɗu: lambar shari'ar, alamar da aka liƙa wa kayan ranar da aka ɗauke shi, rajistar hannayen da ya bi daga wurin da abin ya faru zuwa ɗakin ajiya da kotu, da takardar da ta ba da izinin sakinsa. Idan ɗaya ta ɓace, a rubuta hakan a rajistar gidan, kuma allon bayani ya ce “irin wadda aka yi amfani da ita”, kada ya ce “ita ce”. Kasuwar kayan shahararrun masu laifi cike take da jabu, kuma mai sayarwa koyaushe yana da labari mai daɗi. A ɗauki hoton kayan tare da ambulansa da tambarinsa kafin a buɗe, kuma kada a jefar da ambulan ɗin, domin sau da yawa shi ne hujjar.

Barista Hadiza:

Malam Lawal ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai matakin da ke gaban tambayar mallaka: shin shari'ar ta mutu da gaske? Yanke hukunci ba shi ne ƙarshe ba. Muddin akwai damar ɗaukaka ƙara, ko wanda aka ɗaure yana raye yana musanta laifin, ko ana neman wani da ake zargin sun yi tare, to kayan nan shaida ne har yanzu. Tun da Alec Jeffreys ya gano hanyar bambance mutane ta ƙwayoyin halitta, wato DNA, a Jami'ar Leicester a 1984, rigar da ta yi shekara talatin a kwali tana iya fitar da mutum daga kurkuku. A shari'ar kisan kai ta farko da aka yi amfani da wannan gwaji a Ingila, abin da ya fara yi shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifi a gaban 'yan sanda, kafin a kama wanda ya yi kisan, Colin Pitchfork, a 1987. Idan an wanke irin wannan riga, ko hannaye goma sun taɓa ta don a rataye ta a gilashi, an kashe hujjar har abada. Don haka sai an sami rubutacciyar amsa daga ofishin mai gabatar da ƙara da kuma lauyan ɗaya ɓangaren.

Aiki na biyu, wanda ya fi cin lokaci, shi ne karanta allunan bayani kalma bayan kalma. “An zarge shi”, “an gurfanar da shi”, “kotu ta same shi da laifi”, “an soke hukuncin”: kowace da matsayinta, kuma idan aka musanya su a kan mutumin da ke raye, ƙarar ɓata suna ce ke jiran gidan. A duba kowane allo da kundin shari'ar, kada a dogara da jaridun lokacin, don jarida takan ba da labarin kamu da manyan baƙaƙe ta manta da ranar sallama. Wanda yake yaro lokacin da abin ya faru, da wadda aka yi wa fyaɗe, ƙasashe da dama sun hana bayyana sunayensu, kuma dokar ba ta faɗuwa don wurin gidan tarihi ne.

Ina kuma ganin wajibi ne a ware wuri ga shari'o'in da aka yi kuskure. An rataye Timothy Evans a Landan a 1950 bisa laifin kisan kai, bayan shekara uku aka gano gawarwaki a gidan da ya zauna, waɗanda maƙwabcinsa John Christie ya kashe, shi kuwa Christie shi ne babban mai shaida a kansa. An yi wa Evans afuwa a 1966, yana cikin kabari. Gidan da ya nuna igiyar rataya bai nuna wannan ba, rabin tarihi ya bayar.

Malam Lawal:

Na yarda, Barista. Sai dai kada a juya gidan ya koma kotun tuhumar 'yan sanda, don hukumar da ke riƙe da kayan za ta rufe ɗakin ajiyarta. Hanyar da ta fi aiki ita ce a rubuta tun farko cewa kwamiti shawara yake bayarwa, hukunci na shugaban baje kolin ne, kuma mai ba da aron kaya yana da haƙƙin gyara kuskuren gaskiya amma ba shi da haƙƙin goge abin da bai yi masa daɗi ba. Duk ɗan kwamitin da ya taɓa hannu a wata shari'a ya faɗa, ya fita daga zaman da za a tattauna allonta. Lokacin da aka fito da kayan gidan tarihin Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, wanda aka fara tarawa tun shekarun 1870 don koyar da 'yan sanda, aka nuna wa jama'a a Gidan Tarihin Landan a 2015, an tsayar da shari'o'in da aka ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya a 1975, saboda iyalan da ke raye. Irin wannan iyaka kwamiti ne ke ja.

Dakta Nura:

Ta ɓangaren kimiyya, kuskuren da ya fi yawa shi ne nuna gwaje-gwaje kamar ba sa kuskure. Zanen babban yatsa a jikin akwatin kuɗi ne ya kai 'yan'uwan nan biyu, su Stratton, ga rataya a Landan a 1905, kuma ya dace a nuna shi. Amma a gefensa a sa abin da ya faru a 2004, lokacin da FBI ta ce zanen yatsan da aka samu bayan harin jiragen ƙasa na Madrid na wani lauya ne a Amurka, Brandon Mayfield, daga baya 'yan sandan Sifaniya suka nuna na wani ne dabam. A 2015 FBI ta amince cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka sake dubawa, masu kwatanta gashi da madubin kimiyya sun faɗi abin da ya wuce iyakar gwajin. Allon bayani ya nuna me gwajin zai iya tabbatarwa da me ba zai iya ba. Kuma a cire duk bayanin da zai zama darasi ga mai mugun nufi, kamar adadin guba ko haɗin abin fashewa.

Hajiya Rabi:

Yallaɓai, duk wannan sai kayan bai cutar da ma'aikata ba, kuma bai lalace ba. Kowace bindiga a ɗauka tana da harsashi har sai mai lasisin makamai ya buɗe ta ya tabbatar. Harsashi mai rai ba ya shiga gidan, kwanso kawai. Kashe bindiga ta hanyar toshe bututunta da walda ba ya gyaruwa, kuma yana ɓata zanen cikin bututun da ake kwatanta harsashi da shi, don haka idan doka ta bari, gara a cire allurar da ke bugun harsashi a ajiye ta a wani sef, a ɗaure bindigar a akwati mai ƙararrawa. Tsohon gurneti, ko kwalbar da ruwanta ya bushe ya bar ƙanƙarar gishiri mai ruwan ɗorawa a bakin murfi, kada kowa ya murɗa, a kira masu kwance bam. Miyagun ƙwayoyi kuwa a yi kwaikwayonsu.

Takarda, tufafi da hotuna kada haske ya wuce luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma a riƙa hutar da su bayan wata uku zuwa shida. Zafi tsakanin digiri 18 zuwa 22, danshin iska kashi 45 zuwa 55, ƙarfe kuma ƙasa da 40. Danshi ya haura 65, fumfuna ta fara. Tufafin da ke da busasshen jini a kwali marar asid ake ajiye su, leda tana riƙe laima, kuma a taɓa su da safar hannu ta roba da takunkumi. A raba bindiga da kubenta na fata, don man fatar yana sa tagulla ta yi kore. Harsashin dalma da aka ajiye a durowar wasu katakai, musamman oak, yakan fara fitar da farin gari har ya ruɓe, garin kuma guba ne. Tsofaffin finafinan hoto na kafin shekarun 1950 da yawansu na naitireti ne, wani sinadari mai saurin cin wuta, suna kama wuta da kansu idan sun ruɓe cikin zafi, ruwa ma ba ya kashe ta da sauƙi. A kwafe su a kwamfuta, a kai na asalin ɗaki mai sanyi nesa da sauran kaya.

Sassan jikin mutum kuwa, Malam Habibu, shawarar da ta fi ita ce kada a nuna. A Ingila dokar 2004 ta wajabta lasisi idan mamacin bai kai shekara 100 da rasuwa ba, kuma gidan tarihin masanin laifuka Lombroso a birnin Turin na Italiya ya yi shekaru a kotu kan ƙoƙon kan mutum ɗaya da garinsu ya nemi a mayar masa.