Taƙaitawa: auna sinadarai a cikin ruwa da hasken leza

Jama'a maganar nan da ake ta yi kan yadda za a auna sinadarai a cikin ruwa da hasken leza ta yi tsawo, bari in tattara abin da aka faɗa.

1. Kowa ya yarda da yadda abin ke aiki, leza, wato haske mai ƙarfi da aka tattara wuri guda, ke buga ɗan wuri ta tada filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi da ke fitar da haske, hasken da ke fita shi ke nuna sinadarin da ke wajen, kowanne da kalarsa.

2. Matsalar dai ruwa ne, yana danne filasmar ya sanyaya ta nan take, sai hasken ya fito a dushe. Shi ya sa akasari suka ce a yi bugu biyu, na farko ya buɗe kumfa, na biyu ya tada filasma a cikin kumfar. Amma in an yi zurfi nauyin ruwa na matse kumfar, don duk mita 10 yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa.

3. An rabu kan tsawon zangon hasken leza, wanda shi ke nuna kalarsa. Wasu na nanomita 1064, wasu sun ce 532, wato kore, tunda ruwa bai cika shanye koren haske ba. Ni dai na biyun sun fi gamsar da ni.

4. Sodiyam da kalsiyam na fitowa sarai, dalma kuwa in kaɗan ce sai a hankali.

5. Mai son gwada ruwan dam ɗin Kubanni da ke Zariya an ce ya tace tukuna, da damina jawur yake, laka na watsa hasken. Wasu ma sun ce ya ɗebo a kwalba kawai ya kai lab a Samaru, ya fi arha.