Addu'a domin shugabanni: yaya za a tsara ta kada ta koma siyasa?

ƊanAdar, Tahoua

Salama gare ku, iyaye da ƴan'uwa. Zumuntar matasa ce za ta bi da addu'ar ƙasa ran Lahadin da ke kusa da 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, kuma minti 20 aka ware. A majami'a akwai mai goyon bayan hukuma, akwai wanda ransa ke ɓace da ita, ga matan sojoji a zaune. Wane nassi za a karanta? Su wa za a ambata, a kira suna ko a'a?

Dattijon Yamai

Ɗana, ku soma da 1 Timoti 2:1-4. Ku lura da abin da Bulus ya ce a roƙa: zaman lafiya da kwanciyar rai, a yi ibada cikin mutunci. Bai ce a roƙa wa mai mulki daɗewa bisa kujera ba, bai ce a roƙi faɗuwarsa ba. Nero ne sarkin Roma daga shekara ta 54 zuwa 68, ƙarshen zamanin Bulus ke nan, saboda haka kada wani ya ce sai shugaban da ya kwanta masa a rai zai yi wa addu'a.

Minti 20 ɗin ga yadda zan kasa su. Uku na karatu. Biyu na tuba, domin mai miƙa cin hanci a kan hanya sau da yawa cikinmu yake zaune. Goma sha biyu ku raba wa mutum huɗu, uku uku: shugaban ƙasa da ministoci, gwamnonin jihohi 8 da prefe-prefe da masu riƙon kananan hukumomi, alƙalai, sojoji, jandarmomi, ƴan sanda da ƴan duwan, sai sarakunan gargajiya da masu unguwa. Sauran ukun fasto ya rufe.

Ku kira muƙami, ku bar suna. Da zarar an kira suna sai wani ya ƙara masa kirari, wani kuma ya riƙe amin ɗinsa, kowa ya gane ɓangaren kowa. Kada a bar makirufo ga duk mai so, nan ne habaici ke shigowa da rigar addu'a. Mutum huɗun su rubuta abin da za su faɗa, dattijo ɗaya ya duba tun ran Asabar.

Malamar zumuntar mata

Baba ya gama magana kan tsari. Abin da zan ƙara, "Allah ka ba su hikima" kaɗai ta yi faɗi, har mai addu'ar bai san abin da ya roƙa ba. A ɗaura kowace roƙo a kan aikin da ke hannun mutumin. Agusta tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba: a roƙa wa masu rabon cimaka mai rahusa gaskiya a tiya da lissafi. Sarakuna su ke sasanta rikicin gona da burtali, hukuma kuma ita ke tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi. In aka yi gaggawa dabbobi su afka wa amfanin da ba a kwashe ba, in aka yi jinkiri makiyayi ya rasa inda zai sa garkensa. Wannan a kai shi gaban Ubangiji da sunansa.

Wa alƙalai, Fitowa 23:8, inda aka ce rashawa tana makantar da mai gani. Wa shugaban ƙasa, Zabura 72:1-4 da 12-14, addu'a ce domin sarki amma ma'auninta yadda matalauci ya kwana. Karin Magana 21:1 kuwa ɗan Tahoua ba ya bukatar fassara: zuciyar sarki kamar ruwan lambu take a hannun Ubangiji, yadda mai albasa a Galmi ke toshe wannan fangali da ƙasa ya buɗe wancan.

Matan sojoji kuma, a roƙa wa mazansu tsaro, a kuma roƙa kada hannunsu ya taɓa marar laifi. Su biyun tare.

Katikis

A wurinmu Katolika jerin a tsaye yake cikin addu'ar masu bi: Ikilisiya, masu mulki da duniya, masu shan wahala, sannan jama'ar wurin. Ran Juma'a Mai Kyau roƙo na 9 cikin 10 na masu riƙe da hukuma ne. Kowane roƙo jimla ɗaya ko biyu, jama'a su amsa da baki ɗaya. Ɗan'uwa, ku ari wannan amshin, yana hana mutum ɗaya ya mai da addu'a wa'azi.

Na ɗan saɓa da Baba kan suna. In wani jami'i ya rasu ko yana kwance, kiran sunansa ba laifi. Romawa 13, wadda ta ce a yi wa masu mulki biyayya, ita ce nake jan kunne a kanta: in aka karanta ta ita kaɗai, wanda aka zalunta zai ji kamar an ce ya yi shiru. A haɗa ta da Amos 5:24, mai kira ga adalci, ko Irmiya 29:7, mai cewa a nemi lafiyar gari. Kuma a rage ƙarar lasifikar waje, maƙwabta rabin jimla suke ji.

ƊanAdar, Tahoua

Na gode, iyaye. Mama, roƙon sojojin nan wa ya fi dacewa ya yi shi, matashi ko ɗaya daga cikin matan nasu?