Dan Allah me za mu kira quilt da Hausa?

Maijego: Assalamu alaikum jama'a, taimako nake nema kafin Alhamis. Ina jego ne, yau kwana 26, amma shirinmu na mata a rediyo ni nake rubuta musu daga gida. Yayar maigidana da ke Amurka ta aiko wa jaririyata wani abu da suke kira quilt, da hannunta ta ɗinka. Hawa uku ne, sama ƙananan ƙyallaye aka harhaɗa, tsakiya auduga, ƙasa yadi guda, sannan aka bi da allura aka ɗinke su tare layi-layi. Wlh da na hango guntun atamfar marigayiya surukata a ciki sai da na yi hawaye, kullum a kai nake kwantar da yarinyar bayan wanka. So nake na yi magana a kansa har na kawo labarin matan Gee's Bend, baƙaƙen fata na jihar Alabama da suke ɗinka shi da tsofaffin kayan zuwa gona, har aka baje kolin aikinsu a Houston a 2002. Toh me zan kira shi?

Anti Tela: Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya. Bargon faci-faci mana, kowa zai gane.

'Yar Damagaram: Ki ce bargo kawai ki huta.

Maijego: Amin Anti na gode. Bargo kawai bai fito da shi ba, mai sauraro zai ɗauka na kasuwa ne mai gashi, ko shawul ɗin da ake naɗe jariri ranar suna.

Malamin Hausa: Allah ya raya Hajiya. Amma faci dai a'a, Turanci ce, kuma taya ake wa faci ko wandon da ya yage. Muna da kalmarmu, lifidi. Ku dubi 'yan lifidi a hawan Sallah a Kano, rigar dokin nan yadi biyu ne aka cusa auduga a tsakiya aka bi da ɗinki, shi ne fa wannan aikin sak. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da shi. Ki ce lifidin jariri.

Anti Tela: Haba Malam, in ta ce lifidin jariri a rediyo ai dawakai za a fara tunawa, wace uwa ce za ta ce ta rufa wa ɗanta lifidi? Kuma in don aro ne ita kanta tela daga ina ta zo, allura da almakashi ma na Larabawa ne kuma da su nake cin abinci.

Malamin Hausa: Na Larabci sun daɗe sun zauna. Abin da ke damuna shi ne mu bar namu ya mutu muna ta kwaso na wasu, yaranmu yau ko luru da gwado ba su sani ba.

'Yar Damagaram: Malam kullum Kano Kano, mu ma muna da lifidi a fadar Damagaram, kuma ba wanda zai kira abin rufa da shi.

Malamin Hausa: Ban ce na Kano kaɗai ba ne 'yar uwa.

Kakar Yara: Luru saƙa ne, wannan ɗinki ne, kar ku haɗa su. Amma Malam ya yi gaskiya kan faci, faci rufin asiri ne na abin da ya lalace, ita ko wannan baiwar Allah zaɓar ƙyallayen ta yi ɗaya bayan ɗaya don jikar gidansu. Ni dai bargon ƙyallaye nake gani.

Anti Tela: Wani ba ƙyallaye ba ne fa, akwai na yadi guda da ɗinki kawai a kai. Amma toh.

Maijego: Yarinya ta farka, bari na tsayar da magana. Zan ce bargon ƙyallaye, in na zo bayanin yadda ake yinsa sai na ce ɗinki irin na lifidi, kinga Anti ko na yadi gudan ya shiga ciki. Malam ka yi haƙuri.

Malamin Hausa: Ba komai Hajiya. Ni dai a ajina lifidi zan koyar. Ki tabbata kin ambace shi ranar Alhamis ɗin, zan kunna rediyo.